Babi na Biyar: Tafiya Gabas, Shekara Guda a Ajin Sinanci

A ƙasar Gwarzo da Kabo, idan dattijo ya ce ɗansa "ya tafi gabas", babu mai tambayarsa wane gari. Kowa ya san nufinsa: yaron ya ɗauki allo da buzu ya nufi ƙasar Barno neman karatu, kuma ba za a sake ganinsa ba sai ya samo abin da ya je nema. Iyayenmu sun gane tun tuni cewa akwai karatun da ba ya zama a kai muddin yaro yana jin muryar mahaifiyarsa, yana cin tuwon gidansu, abokan wasa na kiransa daga ƙofar gida. Irin wannan karatu sai an yi nisa da gida, an wayi gari da shi, an kwana da shi.

Yau akwai wani gabas da ya fi Barno nisa, wanda matasanmu suka fara dosa. Shi ne ƙasar Sin, inda jami'o'i ke karɓar baƙo wanda bai san ko gaisuwa ba, su tsare shi a aji wata tara ko goma, safe da yamma, ba abin da yake yi sai koyon Sinanci. Darajar karatun Alƙur'ani dabam take, babu harshen duniya da zai kama ƙafarta. Abin da wannan babi ke dubawa shi ne hanyar koyo, domin wanda ya san tsangaya zai ga abubuwa da yawa da ya saba da su a wancan aji, kuma ɗan Gwarzo ko ɗan Kabo yana shiga da guzurin da ɗaliban ƙasashe da dama ba su da shi.

Kaya sun iso, harshe bai iso ba

Hanyar da ta taso daga birnin Kano ta wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero, ta bi Janguza da Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, ta isa Gwarzo bayan kimanin kilomita 70, daga nan ta miƙe zuwa Dayi a jihar Katsina. Wanda ya bi ta da idon basira zai ga ƙasar Sin ta riga shi isa kowane ƙauye. Babur ɗin da aka ɗoro wa buhun masara, Jincheng ne ko Haojue. Wayar da ke aljihun mai babur ɗin, Tecno ko Itel, ta kamfanin Transsion ce na birnin Shenzhen. Injin ban ruwan da ke ruri a bakin madatsun Guzu-Guzu da Magaga lokacin noman rani, da farantin sola da ke kan rufin masallacin unguwa, da atamfar da aka sayo a Kantin Kwari aka sa a lefe, galibinsu daga can suka fito. Riɗin da manomanmu ke kaiwa kasuwar Dawanau kuwa, kaso mai yawa a can yake ƙarewa.

Tsakanin gwamnatoci ma zumuncin ya daɗe. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairu, 1971. A 2018 manyan bankunan ƙasashen biyu suka sa hannu kan musayar kuɗi ta yuan biliyan 15, daidai da naira biliyan 720 a lokacin. Kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ne kuma aka ba aikin na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021. Sinawa sun yi yawa a Kano har Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa musu Wakilin 'Yan China a 2019.

Duk da wannan cuɗanya, dubi yadda ɗan kasuwarmu ke ciniki idan ya sauka Guangzhou, wadda mutanenmu ke kira Gwanzu, ko Yiwu. Makaminsa kalkuleta. Ya danna farashi, mai kaya ya girgiza kai ya danna nasa. In magana ta wuce lamba, sai a nemo tafinta, wanda sau da yawa Turanci yake juyawa, Alhaji kuma Turancin nasa na sayen tikiti ne. Magana ta bi baki uku kafin ta isa, kuma kowane baki yana da rabonsa.

A wajen lissafi kaɗai akwai ramuka. Sinawa ba sa ƙirga manyan kuɗi dubu-dubu kamar mu. Suna da kalmar wan, wato dubu goma, saboda haka dubu ɗari a bakinsu "wan goma" ne, miliyan kuma "wan ɗari". Tafintan da hankalinsa ya rabu zai iya ƙara sifili ko ya rage. Idan mai shago ya ce da ba zhe, lambar takwas ce a cikin maganar, amma nufinsa ka biya takwas cikin goma na farashin, rangwamen biyu ne kawai cikin goma. Ma'aunin jin da suke auna kaya da shi rabin kilo ne. Wanda bai san waɗannan ba, kuɗinsa yana hannun amanar wani. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya je da ƙafarsa ya bar harshensa a hannun tafinta, har yanzu aike ya yi.

Sun riga mu tashi

Sinawa sun fahimci wannan tun kafin a haifi yawancin masu karanta littafin nan. A 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa. Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing tana koyar da Hausa har matakin digiri, ɗalibanta su ɗauki sunayen Hausa, wasu su zo ƙasarmu su goge bakinsu. Fiye da shekara sittin ke nan suna sauraronmu kai tsaye, mu kuma muna jin su ta bakin wani.

Sun kuma daɗe da shirya wurin karɓar baƙi. A 1962 aka kafa makarantar share fage ta ɗaliban waje a Beijing, wadda ta girma ta zama Jami'ar Harshe da Al'adu ta Beijing, wadda aikinta na asali shi ne koya wa baƙi Sinanci. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta nuna a 2018 akwai ɗaliban waje 492,185 a Sin, 81,562 daga cikinsu 'yan Afirka. A Nijeriya, cibiyoyin Confucius na farko masu koyar da Sinanci an buɗe su ne a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008 da Jami'ar Legas a 2009. Dukkansu a kudu suke, alhali Kantin Kwari da Dawanau a Kano suke.

Yadda ajin yake

Mu bi sawun matashi guda, mu ƙaddara ɗan Getso ne ko ɗan Garo, ya gama sakandare ko difloma, ya samu gurbi. Ranar tafiya mahaifinsa zai ce masa abin da iyaye ke faɗa tun zamanin tafiya Barno: "Ka riƙe salla, ka riƙe abin da ya kai ka." Shi kuma ya durƙusa ya ce, "In sha Allahu, Baba." Inna ta cusa masa ƙullin kuka da daddawa da yaji a jaka, ta ce, "Allah ya ba da abin da aka je nema."

Zangon karatu yana farawa a watan Satumba. Makon farko za a yi masa gwajin sanin matsayi, a kai shi ajin 'yan farko, tare da ɗalibai daga Koriya, Rasha, Kazakistan, Tailan da sauran ƙasashen Afirka. Malama, wadda za su riƙa kira laoshi, za ta raɗa masa sunan Sinanci mai gaɓa biyu ko uku, da shi za a riƙa kiransa har ya gama. Ajin yau da kullum darasi 20 ne a mako, daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar. Na matsi, wanda shi ne batunmu, yakan kai darasi 30, a ƙara da na yamma. Ana raba darussan gida-gida: babban darasi mai haɗa nahawu da sababbin kalmomi, darasin magana, darasin sauraro, darasin karatu da na rubutu. Kusan kowace safiya da shifta ake buɗewa, wadda suke kira tingxie: malama ta faɗi kalmomin jiya, kowa ya rubuta daga ka.

Me ya sa sai an yi wannan matsi? Lissafi ne mai sauƙi. Makarantar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 2,200 a aji, mako 88, kafin ya iya aiki da Sinanci. Wanda ke zuwa darasin awa biyu a mako a gida, awa ɗari yake tarawa a shekara. Ɗan ajin matsi kuwa yana yin darasi wajen dubu a shekara guda, abin da wancan zai shafe shekara goma yana tarawa, kuma da ya fito daga aji, mai sayar da shayi da direban bas da mai gadin ƙofa duk malamansa ne. Wannan lissafi yana nuna wani abu kuma: shekara guda ba ta sa mutum ya zama gwani. Tana kai shi inda zai iya ci gaba da kansa.

Ma'aunin da ake auna shi da shi shi ne jarrabawar HSK. A tsarin da aka daɗe ana bi tana da mataki shida: na farko kalmomi 150, na biyu 300, na uku 600, na huɗu 1,200, na biyar 2,500, na shida 5,000. A 2021 an fito da sabon ma'auni mai mataki tara. Mataki na huɗu shi ne wanda jami'o'i da yawa ke nema kafin su bar baƙo ya shiga ajin digiri da ake koyarwa da Sinanci, kuma shi ne burin mai ƙwazo a ƙarshen shekarar farko. Maki 180 cikin 300 ake buƙata a ci.

Kunnen da muka gada

Makonnin farko na pinyin ne, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, tsarin da gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958. A nan ne ake cin karo da abin da ke firgita Turawa da Larabawa: karin sauti. Gaɓa guda, ma, idan ta tsaya a sama tana nufin uwa. Idan ta hau, ramar igiya. Idan ta nutse ta taso, doki. Idan ta faɗo, zagi.

Ɗan Getso ba baƙo ba ne a nan, ko da ba a taɓa gaya masa ba. Tun yana goye yake bambanta kuka ta miya da kukan jariri, wuya na jiki da wuyar rayuwa, baba mahaifi da baba 'yar'uwar uba da baban rini. Rubutunsu ɗaya, muryar ce ke raba su. Hausa tana da karin sama, da na ƙasa, da mai faɗowa. Karin farko na Sinanci ɗan'uwan namu na sama ne. Na huɗu kuwa kamar yadda muke faɗin mai na girki ne, murya ta taso daga sama ta faɗo. Abin sha'awa, kalmar Sinanci ta "sayarwa" ita ce mai da wannan karin mai faɗowa, ta "saye" kuma mai ce da murya mai nutsewa ƙasa. Duk cinikin Gwanzu a tsakanin waɗannan muryoyi biyu yake. Abin da zai ba shi aiki shi ne kari mai hawa da mai nutsewa, domin babu su a bakinmu. Amma akwai tazara babba tsakanin wanda zai ƙara kari biyu a kan ukun da ya sani, da wanda sai an fara gamsar da shi cewa murya tana canza ma'ana.

Nahawu ma yana da kusurwoyin da suka yi kama da gida. Muna cewa na ci, ina ci, zan ci. Kalmar "ci" tana nan yadda take, ƙananan kalmomi ne ke nuna lokaci. Haka chi na Sinanci yake, ba ya sauya riga. Ba su da namiji da mace a kalmomi: ta a bakinsu shi ne "shi", ita ce "ita", sai a rubuce suke bambanta. Suna sa kalmar awo tsakanin lamba da abu, kamar yadda muke cewa turmi uku na atamfa, dami biyar na gero, ƙwaya biyu ta goro, sai dai su kowane abu yana da tasa, kuma mafi yawan amfani, ge, aikin "guda" take yi.

Inda harshenmu ke tuntuɓe ma ya kamata a sani tun daga gida. Bahaushe yana haɗa p da f, Sinanci yana raba su. Muna furta n ta ƙarshen kalma ta hanci, kamar a "nan" da "can", saboda haka raba an da ang yana ba mu wahala. Haruffan c da q da x na pinyin ba su da alaƙa da yadda muke karanta su a boko. Wanda ya gyara waɗannan a wata biyun farko ya huta. Wanda ya bari suka bushe a bakinsa zai daɗe yana fama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allo da tawada

Babban dutsen shi ne rubutu. Sinanci ba shi da abacada da za a haddace a mako guda. Kowace gaɓa mai ma'ana tana da alamarta, da ake kira hanzi. Jadawalin da gwamnati ta fitar a 2013 yana da alamomi 8,105, kuma 3,500 na farko su ne na amfanin yau da kullum. Da farko duk suna kama da tafiyar kaza a kan rairayi. Daga baya ido ya buɗe, ɗalibi ya gane kowace alama gini ce da aka haɗa da tubala sanannu. Ƙamus na gargajiya ya kasa su ƙarƙashin saiwoyi 214. Alamar mutum a jikin alamar itace tana nufin hutawa, abin da duk manomin da ya taɓa jingina da gindin ɗorawa da tsakar rana zai gane. Itace biyu a jere, kurmi. Mafi yawan alamomin kuwa rabi biyu ne: rabi yana nuni ga ma'ana, rabi yana nuni ga furuci.

Babu dabarar da ta maye gurbin maimaitawa. Ana sayen littafi mai gidan dara, a rubuta alama guda sau goma, sau ashirin, kowane zane a kan jerinsa, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Gobe a yi shifta, jibi a ƙara sababbi, a koma a bi na baya don kada su zube. Wanda ya yi babbaƙu da farfaru, ya rubuta allo ya biya wa malam, ya wanke ya sake rubutawa, ya tashi da asuba ya yi tilawa, ya san wannan rayuwa. Ya san hadda ba ta zama sai da bita, ya san hannu yana tuna abin da kai ya manta. Ɗalibai da yawa daga ƙasashen da aka daina haddar komai a makaranta a nan suke karaya. Tarbiyyar da wasu ke rainawa a gida, a can jari ce.

Rufe baki da harshen gida

Wasu shirye-shiryen matsi, irin wanda Jami'ar Princeton ta Amurka ke gudanarwa a Beijing na mako takwas, suna sa ɗalibi ya ɗauki alƙawari a rubuce cewa ba zai yi magana da wani harshe ba sai Sinanci har ya gama. Yawancin jami'o'in da 'ya'yanmu ke zuwa ba sa tilasta wannan, saboda haka sai ɗalibi ya ɗora wa kansa.

A nan ne da yawa ke faɗuwa. Kewar gida tana tura mutum wajen 'yan'uwansa. A taru a ɗaki guda, a dafa shinkafa da wake, a yi hira da Hausa da Turanci har dare. Beijing tana gaban Gwarzo da awa bakwai, saboda haka lokacin da ya kamata ya kwanta shi ne lokacin da hirar gida ke ɗaukar zafi a waya. A haka wani zai shekara huɗu a Sin, musamman in digirinsa da Turanci ake koyarwa, ya dawo ba ya iya cinikin tumatir da Sinanci. Zumunci wajibi ne, amma a ba shi ranarsa. Sauran kwanakin a nemi abokin musayar harshe daga ɗaliban ƙasar, a ci abinci a teburinsu, a je kasuwa a yi kuskure a yi dariya a gyara. Almajirin da ya je Barno ya tare a zangon 'yan garinsu, da ya zauna a gida ya fi masa.

Sanyi, abinci da salla

Rayuwar ba ta da sauƙi, kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Sanyin Janairu a Beijing yana sauka ƙasa da sifili. A Harbin yana wuce ashirin ƙasa da sifili. Hunturunmu wasa ne a gabansa. Facebook da WhatsApp a toshe suke, komai da WeChat ake yi, har biyan kuɗin shayi. Naman alade yana cikin girki da yawa, saboda haka alamomi biyu na farko da Musulmi zai haddace su ne na qingzhen, wato halal, da ake rubutawa a ƙofar gidajen abinci, musamman na masu taliyar Lanzhou da naman sa. Jami'o'i da yawa suna da sashen abincin Musulmi.

Musulunci tsoho ne a ƙasar. Masallacin Niujie na Beijing an kafa shi a shekarar 996. Na Huaisheng a Guangzhou yana cikin mafi daɗewa, kuma Musulmin wurin suna danganta shi da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Musulmin ƙabilar Hui ma suna da nasu ajamin, xiao'erjing, inda suke rubuta Sinanci da haruffan Larabci kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa. Sai dai doka ba ta yarda da wa'azi ko taron addini a harabar jami'a ba, Juma'a kuma ranar karatu ce. Ɗalibi zai yi sallolinsa a ɗaki, ya tsara yadda zai isa masallacin gari.

Akwai kuma ciwon da baƙar fata ke ji. Kallo, ɗaukar hoto ba izini, wani lokaci wulaƙanci a fili. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Nijeriya. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton da ya ce an tauye haƙƙin Musulmin Uighur a Xinjiang ƙwarai, gwamnatin Sin ta musanta. Koyon harshen mutum ba zama maroƙinsa ba ne. Mai jin harshen shi ne ke iya karanta takardar kwangila kafin a sa hannu, ya ji abin da ake faɗa a gefensa, ya kai ƙara da bakinsa ranar da aka zalunce shi ko aka zalunci ɗan'uwansa.

Ƙofar shiga

Hanya mafi sanuwa ita ce tallafin karatu na gwamnatin Sin, wanda ake nema ta intanet, ko dai ta hannun hukumomin ƙasa da ofishin jakadanci, ko kai tsaye ta jami'ar da ake so. Yana ɗauke kuɗin makaranta da ɗakin kwana da inshorar lafiya, ya ba da kuɗin kashewa kowane wata: yuan 2,500 ga mai digiri na farko, 3,000 ga na biyu, 3,500 ga na uku. Mai neman digiri na farko kada ya kai shekara 25, na biyu 35, na uku 40. Wanda zai yi karatunsa da Sinanci amma bai iya ba, ana ba shi shekarar share fage, wadda ita ce ajin da muka bayyana. Akwai kuma tallafin larduna da na jami'o'i, akwai mai biya da aljihunsa. Karatun da ya wuce kwana 180 bizar X1 yake buƙata, kuma dole a mayar da ita takardar izinin zama cikin kwana 30 da sauka.

A yi hattara da dillalan gurbi. An sha ganin iyaye sun sayar da gona ko shanun huɗa sun miƙa wa wanda ya yi alƙawarin "cikakken tallafi", yaro ya isa ya tarar rabin kuɗin makaranta kawai aka yafe. Takardar karɓa ta gaskiya daga jami'a take fitowa, kuma ana iya tuntuɓar jami'ar a tabbatar. Bizar ɗalibi ba ta kasuwanci ba ce. Wanda ya bar aji ya koma saye da aikawa da kaya yana iya rasa karatun da izinin zaman gaba ɗaya.

Dawowa gida

Almajirin da ya je gabas, da ya dawo yakan kafa tsangaya a garinsu, ilimin ya yaɗu. Wannan shi ne ma'aunin da za a auna tafiya Sin da shi. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kamfanonin hanya da na dogo, da 'yan kasuwar Kwari da Farm Centre, duk suna buƙatar mai juya magana daga Sinanci zuwa Hausa kai tsaye. Manomin riɗi yana buƙatar wanda zai yi magana da mai saye ba tare da dillalai uku a tsakani ba. Makanikin injin ban ruwa yana buƙatar mai karanta masa takardar da ta zo cikin kwali. Mata 'yan kasuwa da ke sayo kayan ɗaki da na lefe za su fi sakewa da tafinta mace, saboda haka kada a bar 'ya'ya mata a baya. Manyan makarantun da ke Kabo da Gwarzo za su iya buɗe ajin yamma idan akwai mai koyarwa. Muna kuma buƙatar littafin koyon Sinanci da aka yi bayaninsa da Hausa, wanda zai fara daga kuka da wuya da baba, yaro ya shiga ta ƙofar da ya sani, maimakon a zagaya da shi ta Turanci.

Mutanen wannan yanki ba sa tsoron nisa. A 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa kamfanin jirgin sama ya sa masa sunan garinsu, jiragen Kabo suka yi shekaru suna kai alhazai Makka. Ƙaramar hukumar Gwarzo tana da mazaɓu goma, ta Kabo tana da goma. Idan shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da hakimai, da attajiranmu masu zuwa Gwanzu suka haɗa hannu suka zaɓi yaro ko yarinya guda mai ƙwazo daga kowace mazaɓa, aka taimaka musu da neman gurbi da kuɗin jirgi, aka ɗaure su da alƙawarin dawowa su koyar, cikin 'yan shekaru za mu samu mutum ashirin masu magana da bakinmu a gaban Sinawa.

Kai kuma matashi da ke karanta wannan babi, kada ka jira sai an zaɓe ka. Wayar da ke hannunka ta isa ka fara pinyin da karin sauti huɗu yau ɗin nan. Ka sayi littafi mai gidan dara, ka rubuta alama biyar kullum bayan sallar asuba. Kunnen da ake buƙata an haife ka da shi, haƙurin hadda kuma ka koya a gaban malam. Ka nemi gurbi ta hanyar gaskiya, ka je ka tsaya a kan abin da ya kai ka, sannan ka dawo gida ka koya wa na baya.